Burushin Inna

Talata, 3 ga Yuni, da hantsi

Ba komai ba ne. 'Yan ƙuraje ne jajaye a wuyan hannuna na dama, kamar cizon cinnaka. Na shafa musu mai, na ja hannun riga na rufe.

Likita ce ta ce in riƙa rubuta duk abin da jikina ya yi tun bayan ciwon da ya kwantar da ni lokacin sanyi. To ga shi na rubuta. Ƙuraje. Damina ta kusa, zafi ya shigo, kowa susa yake yi.

Ni Michiyo, shekarata sittin da biyu, tun ina rarrafe nake cikin urushi, ruwan wata bishiya da ake shafa wa kayan katako su yi ƙyalli. A gidanmu ba a ce masa ruwan itace, sunansa ake kira kamar ɗan gida. Baƙo in ya taɓa shi ɗanye, kai, wani ma ƙofar ɗakin aiki kawai zai gifta, kwana biyu ka ga fuskarsa ta haye kamar an hura. Mu kuwa mu goge hannu mu zauna cin abinci. Baba ya kan ce urushi ya san nasa. Tunda na girma ban taɓa susa saboda shi ba, ba yau zan fara ba.

Aikin yana can yana jirana. Saura shafen ƙarshe kawai.

Alhamis, 5 ga Yuni, da yamma

Kanemaki-san ta bugo waya daga Kanazawa. Ita ce mai gidan baje kolin da ke riƙe da aikina tun lokacin da babu mai kallonsa. Baki har kunne, ana ji a muryarta. Gidan adana kayan fasaha sun tattaro ayyukana na shekara arba'in, har waɗanda ke ƙasashen waje an dawo da su, za a buɗe ƙarshen Yuli. Sun bar babban zauren tsakiya wayam saboda sabon. Ta karanta mini abin da aka buga a allon talla da manyan baƙaƙe: Hannu Ɗaya.

Ni na jawo wa kaina wannan suna. A kowace hira sai na faɗa, har da ɗaga haɓa, cewa babu hannun da ya taɓa shafa aikina sai nawa. Wasu suna da mataimaka cike da ɗaki, sa hannu kawai suke yi a ƙasa. Ni a'a.

Sabon ya kai tsawon jirgin masunta, a kife, ƙyallen rama ne bisa ƙyallen rama, urushi bisa urushi, shekara uku ina kansa. Baƙi ne wuluk. Ni ba na goge shafen ƙarshe da gawayi kamar yadda ake yi, yadda ya bar bakin burushi haka zai zauna har abada. Ƙura ɗaya ta sauka, ta zauna ke nan. Shi ya sa ake saya, shi ya sa kuma ake cewa ba ni da hankali.

Na shiga ɗakin yau don in share ƙasa. Ban daɗe ba. Ban ma buɗe tukunyar ba.

Asabar, 7 ga Yuni, da safe

Ƙurajen sun hau wuya.

Litinin, 9 ga Yuni, da rana tsaka

Ƙanena Shozo ya kawo kifi. Shi ya gaji ɗakin aikin Baba a can saman unguwa, akushin miya yake shafawa tun yana saurayi, iri ɗaya, ja a ciki baƙi a waje. Ya shigo yana tambaya ko kwale-kwalen nan nawa da ba ya shiga ruwa ya kusa tashi. Na ce ya fi dai kwanon da ba ya fita daga kicin. Haka muke gaisawa.

Na sa riga mai dogon hannu, na naɗe wuya da ɗankwali, cikin wannan zafin. Ya ajiye kifin ya dube ni.

"Yaya, me ya sami fatar idonki?"

"Sauro."

"Lallai sauron nan gwani ne, har ya iya daidaita ido biyu."

Sai ya kalli hannuna. Mutanen urushi hannu suke fara kallo kafin fuska, ni ma haka nake yi. Na tura su ƙarƙashin tebur, amma na makara. Na zaci zai yi mini tsiya. Bai yi ba. Ya wanke kifin, ya barbaɗa gishiri, ya ce kada in bari ya kwana, ya tafi. Rashin tsiyar nan tasa ce ta tsorata ni. Shozo ba ya raga mini sai in abu ya ɓaci.

Talata, 10 ga Yuni, da asuba

Na sa safa a hannu don kada in yage fatata cikin barci. Na farka na ga na cire su da haƙori.

Wani abu kuma. Jelar gashina ba ta nan. A watan Janairu, kafin likitoci su fara zuba mini magungunansu, ni da kaina na sa almakashi na yanke ta, don kada in tsaya ina kallo tana zuba a matashi. Tun ina ɗaliba ban taɓa yanke ta ba. Na naɗe ta a farar takarda na sa a aljihun da ke ƙarƙashin hoton Inna da Baba, inda nake ajiye turare. Na tabbata can na sa. Yau na buɗe, turare ne kawai.

Na zazzage gidan nan kaf. Ba gashin ne ya dame ni ba, kaina nake tsoro. In jiki ya juya mini baya, kai ma ya bi, me ya rage?

Ba komai ba ne. Gobe zan shiga ɗakin aiki.

Alhamis, 12 ga Yuni, da la'asar, cikin jirgin ƙasa

Likitar fata yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yar da ban haifa ba. Ta duba, ta juya hannun, ta tambayi sana'ata. Da na faɗa sai ta ce ta san sunana, ta taɓa ganin aikina lokacin tana makaranta. Ta sunkuyar da kai ta gaishe ni sosai, sannan ta yanka ni da ladabi.

Ta ce magungunan lokacin sanyi sun birkita jikin, abin da ya saba da shi ya daina saninsa. Akan samu haka. Na ce zuwa yaushe? Ta juya tana kallon na'urarta, ta ce wani ya kan dawo, wani ba ya dawowa. Ta ce in nisanci ɗanyen urushi, har iskar ɗakin, musamman yanzu da damina ta kusa, lokacin da yake shan danshi yana bushewa. In ya bushe sarai babu laifi.

Na gode mata. Har na tambaye ta lafiyar iyayenta. Ban san abin da ya sa na yi haka ba.

Yanzu a jirgi wata mata ta buɗe abincinta kusa da ni, tsinken cin abincinta shafaffe ne, tsoho, ya bushe tun kafin a haifi 'ya'yanta. Na sani sarai ba zai yi mini komai ba. Amma na tashi na canja wuri. Ni. Ni ce na gudu daga tsinken cin shinkafa.

Da yamma, a gida

Na sauke akushina daga kanta na tura shi can baya. Shozo ne ya shafa mini shi shekarar da na dawo gida. Na sha miya a kofin shayi na tangaran, tana ƙona mini yatsu.

Asabar, 14 ga Yuni, da yamma

Na gwada. Safar hannu biyu, takunkumi, rigar ruwa, tabarau irin na masu nutso. Da wani ya leƙo da ya ce dodo ne ya shiga ɗakin.

Na ɗauko burushin Inna. Bari in rubuta wannan da kyau, ko don hannuna ya sami abin yi ban da susa. Inna mai nutso ce, tun tana budurwa take shiga teku tana ciro kayan ruwa. Masu ɗaure burushi sun ce babu gashi kamar na matan nutso, gishiri ya cinye maiƙonsa, ga tauri ga laushi. Shekarar da na tafi makarantar zane a Tokyo, Baba bai yi mini magana ba, don a wurinsa mace ba ta shiga ɗakin shafen ƙarshe, balle ta je ta koyo yin abin da ba a cin abinci a cikinsa. Inna kuwa ta yanke gashinta ta aika wa mai burushi. Sai da na gama makaranta, ina wanke kwanuka a wani gidan abinci don in sayi urushi, ya iso mini cikin ƙaramin akwati.

Gashin yana tafiya ne cikin katakon tun daga sama har ƙasa, kamar bakin fensir. In bakin ya cinye sai a fere katako a fito da sabo. Da ya zo ya fi tafin hannuna tsawo. Duk shafen ƙarshe da na yi a rayuwata da shi na yi, har wanda ya sa Turawa suka fara kiran sunana ba daidai ba. Yanzu bai fi gaɓar yatsa biyu ba. Na daɗe da lissafa cewa zai kai ni ƙarshen wannan aikin.

Na gwada a kan allo. Kash. Ta cikin safa burushi ba ya magana. Ban ji nauyin urushin ba, ban ji inda ya yi kauri ba. Abin da ya fito ko ɗan koyo zai ji kunyarsa. Tabarau ya yi hazo, gumi yana gangarowa cikin takunkumi, kuma ina jin warinsa duk da haka, warin nan mai tsami da na fi sani fiye da warin jikina. Na fito a guje na bar ƙofa a buɗe, abin da ban taɓa yi ba.

Lahadi, 15 ga Yuni, da rana

Idon hagu bai buɗe ba yau.

Talata, 17 ga Yuni, da hantsi

An fara ruwa.

Tsohuwa Toyo ta shigo ba ta jira an ce ta shigo ba. Ƙawar Inna ce, tare suka yi nutso, ta kusa casa'in amma bakinta bai tsufa ba. Ta ga fuskata ta ce, "Tabɗi. Michi, wa ya dake ki, in je in gode masa?" Ta fita, ta dawo da 'yan ƙaguwar rafi a bokiti, ta daka su a turmina, ta tace ruwan ta shafa mini. Haka ake yi wa baƙi tun zamanin kakanni. Wari kamar bakin kasuwar kifi. Na zauna tsuru tana shafa ni kamar jaririya, hawaye na bin kumburin, ta yi kamar ba ta gani ba.

Ta ce urushi mantawa ya yi da ni. Wata shida ina asibiti ina zuwa ina dawowa, an zuba mini abubuwa a jini, warina ya canja. Ta ce in je in gai da bishiyar da ake tatsarsa, in zuba mata giyar shinkafa, in faɗa mata ko ni 'yar wace ce.

Tana magana, ni kuma hankalina ya tafi wani wuri. A da, ranar da yaro zai fara koyo, maigida ya kan ɗiga masa ɗanyen urushi a lomar shinkafa ya haɗiye, don ciki ya san shi kafin fata. Na ga Baba ya yi wa Shozo, na ga ya yi wa yaran da suka zo koyo. Ni ba a ba ni ba, ni mace. Ina shekara tara na saci jiki na tsoma yatsa a tukunya na lashe. Na yi sati a kwance, Inna ta zane ni bayan na warke. Daga nan bai ƙara taɓa ni ba.

Ban gaya wa Toyo abin da nake tunani ba.

Alhamis, 19 ga Yuni, da yamma

Kanemaki-san, wadda ke kirana Sensei, wato malama, ta ce, "Sensei, muryarki wani iri." Na ce mura ce. Ta tuna mini a hankali cewa aikin yana bukatar makonni ya bushe kafin mota ta ɗauka, in an wuce farkon Yuli babu dabara. Na ce na sani, ni na koya mata.

Shozo ya zo, wannan karon ba kifi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana karkaɗe laima, ya ƙi kallona. Ya yi ta kewaye-kewaye, aiki ya yi sauƙi a wurinsa wannan watan, hannunsa ba komai, shi dai zaman banza yake yi. Na ce in yana da magana ya faɗa.

"Yaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Nawa ya ɗauka shekara arba'in. Kai me ka taɓa shafawa da ya fi faranti girma?"

"Farantin dai ana cin abinci a kai."

Na ce ya fita mini daga gida. Ya fita. Ya bar laimarsa, ya tafi cikin ruwa da furfurarsa, ni kuma na tsaya ina huci a kan mutumin da ya yi ta kai ni asibiti a Kanazawa cikin dusar ƙanƙara duk lokacin sanyin nan. Ba haushinsa nake ji ba. In na miƙa masa burushin, na yarda ke nan. Ban yarda ba.

Juma'a, 20 ga Yuni, da safe

Na hau tudu wajen bishiyoyin. Na tsaya nesa, iska tana bayana. Na zuba giyar a ƙasa, na rusuna, na faɗi sunan Baba da na Inna da nawa. Jikin bishiyar duk tsagar wuƙar masu tatsa ne, baƙaƙe, layi bisa layi. Ban taɓa lura da yawansu ba sai yau.

Gobe.

Asabar, 21 ga Yuni, da hantsi

Na yi. Ɗigon ɗanyen urushi, bai kai ƙwayar shinkafa ba, a tsakiyar loma, yadda Baba yake yi. Na zauna gaban hotonsu na haɗiye. Ɗan ɗaci, shi ke nan.

Ban ji komai ba. Na share tsakar gida. Har waƙa na kama kaina ina yi.

Da la'asar

Leɓe yana ɗan zuga. Haka ya yi wancan karon, ina tsammani. Alama ce yana aiki.

Da almuru

Ba komai ba ne. Ba komai ba ne.

Lahadi, 22 ga Yuni, gari ya fara wayewa

Harshe ya cika baki. Yawu ba ya wucewa. Shozo ba ya ɗaga waya, in yana ɗakin shafe a waje yake barinta. Ina jin numfashina yana fito kamar

Alhamis, 26 ga Yuni, da rana, asibiti

Jiya suka cire bututun numfashin da suka sa mini. Magana tana fita da ƙyar, rubutu ya fi sauƙi.

An ce ba takalmi na fita, na isa ƙofar Toyo na faɗi a kan tukwanen furanninta. Ban tuna ba. Abin da na tuna fitilar motar asibiti, da muryar Toyo tana zagina ba tsayawa, tana kiran sunan Inna tana cewa ta zo ta ga abin da 'yarta ta yi. Ba zan rubuta sauran ba.

Likitan nan bai yi mini faɗa ba, gara ma ya yi. Ya ce in aka sake, ba ya alkawarin za a iso da ni a kan lokaci. Tunda ina hannunsu sun duba ciwon nan na lokacin sanyi ma. Sun ce in dawo bayan wata uku. Kullum wata uku, bakinsu ba ya wuce nan.

Shozo yana kan kujera tun ranar Lahadi, gemu ya fito masa. Yau da muka rage mu biyu ya tambaye ni me na ci. Na rubuta masa a takarda. Ya karanta, ya daɗe yana kallon takardar, sai kafaɗunsa suka hau rawa. Na zaci kuka ne. Dariya ce, da kukan a ciki.

"Yaya, baƙin sukari ne. Baba narka shi yake yi a bayan ɗaki. Da na girma na tambaye shi, ya ce wane mahaukaci ne zai ba ɗansa guba? Don dai yaro ya daina tsoro ne."

Ashe duk gidanmu, da maigida da magaji da 'yan koyo, ni kaɗai ce na taɓa lasar na gaske. Sau biyu. Na so in yi dariya, maƙogwaro ya hana.

Ya ce, "Da kin tambaye ni."

Da na tambaye shi. Yaushe rabon da in tambayi Shozo wani abu?

Asabar, 28 ga Yuni, da yamma, gida

Tsoron ɗakin nake ji. In zan je bayan gida sai in zagaya ta lambu don kada in bi ta ƙofarsa. Shekara uku ina kwana ina tashi da abin da ke ciki, yanzu ina jinsa ta bango kamar wani na numfashi.

Na kira Kanemaki-san na faɗa mata komai. Ta ce ana iya nuna aikin haka, ba a gama ba, mutane za su fahimta. Na ce ban yi shekara uku don a tausaya mini ba. Na ce ta sa a gyara ƙaramin allon da za a kafa gefensa, suna biyu za a rubuta. Ta ce babban allon fa, mai Hannu Ɗaya? Na ce ta bar shi, kowa ya karanta ya ga inda ƙaryata ta ƙare.

Shozo ya zo ɗaukar laimarsa. Na nuna masa akwatin burushin a kan tebur, ban taɓa ba. 

"Kwale-kwalen nan..." na ce.

"Na ji."

Ya buɗe akwatin ya ga abin da ya rage. Tun ranar da Inna ta yanke gashin bai sake ganinsa kusa haka ba. Ya rufe, ya ce shi fa bai taɓa shafa abin da ya fi faranti ba, wata ce ta faɗa masa. Na ce waccan matar ba ta da kunya. Ya ce ai kowa ya sani.

Ya ɗauki akwatin a hankali. Shi ma tsoro yake ji.

Talata, 1 ga Yuli, da la'asar

An yi.

Ya yi wanka, ya aske gemu, ya ɗaure kai, ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ya rufe ƙofa ya liƙe ta. Ni ina waje cikin lambu, ƙarƙashin laima, goshina a jikin gilashin taga. Mun shirya: ƙwanƙwasa ɗaya, ya yi kauri. Biyu, ya yi sauri. Uku, akwai abin cirewa. Ya soke tsinken gora a bayan kunne don ɗauke ƙura kafin urushin ya kama.

Da farko na kusa fasa gilashin. Gajeren ja yake yi, irin na mai akushi, yana juya wuyan hannu yana neman gindin kwano inda babu. Na ƙwanƙwasa, na ƙwanƙwasa, ya juyo ya harare ni. Can wajen tsakiya sai ya daina kallon taga. Ya fara tafiya da burushin, ƙafa da hannu tare, daga wannan kai zuwa wancan, numfashi ɗaya. Ba irin jana ba ne. Nasa ya fi nawa haƙuri. Na sauke hannu na tsaya ina kallon baƙin yana kwanciya kamar ruwan rijiya, yatsuna suna motsi su kaɗai a jikin sandar laima.

Dab da ƙarshe na gan shi. Gashi ɗaya ya zare daga burushin ya kwanta a gefen da ke fuskantar taga, ɗan guntu, a lanƙwashe. Daga inda Shozo yake haske ba ya nuna shi. Ni kaɗai nake gani. Lokacin cirewa kaɗan ne, in ya wuce sai dai a bar tabo.

Na ɗaga hannu. Shekara arba'in ban bar ko ƙura ɗaya ba, na taɓa farfasa aikin wata takwas saboda ƙafar sauro. Hannuna yana nan a sama, ruwa yana bin gwiwar hannun. Inna ba ta taɓa zuwa baje kolina ba, ko ɗaya. Ta ce ba ta da rigar shiga irin wuraren nan.

Ban ƙwanƙwasa ba.

Da ya gama ya zagayo yana dubawa, ya gani. Fuskarsa ta yi fari fat, ya kai hannu bayan kunne, ya san ya makara. Ya dube ni ta gilashi kamar yaron da ya fasa tulu. Na girgiza masa kai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sauke hannun.

Burushin ya ƙare. Babu sauran abin ferewa.

Alhamis, 3 ga Yuli, da yamma

Aikin yana bushewa lafiya, in ji Shozo. Shi ke shiga yana jiƙa tsummokan bango. Ni ta taga nake gaishe shi.

Yau ya dafa miya a kicin ɗina, ya sauko da akushin da na ɓoye ba tare da ya tambaye ni ba, ya zuba ya tura gabana. Ban taɓa ba. Yana cire ƙayar kifi, kansa a ƙasa, ya ce yana da laifin da zai faɗa. Jelar gashina shi ya ɗauka. Tun watan Fabrairu, ranar da suka kwantar da ni karo na biyu, ya shiga jirgi ya kai wa mai ɗaure burushi, jikan wanda ya ɗaure na Inna.

Na ce ya bar ni ina zaton na haukace. Ya ce wannan ai ba sabon zato ba ne.

Mutumin ya ce gashin mai kyau ne, duk da ba na nutso. Amma ɗanyen gashi ba ya ɗauruwa. Sai ya huta shekara biyar a rataye, maiƙonsa ya fita.

"Shekara biyar," na ce. "Wa ya gaya maka ina da su? Kuma ko ina da su, da wane hannun zan riƙe?"

"Ni zan riƙe. Ke dai ta gashinki za ki shiga urushin, ba shi kike so ba?" Ya ture ƙayar gefe. "Na kuma gaya masa mai gashin za ta zo duba aikin da kanta, kuma ba ta da kirki, ya yi hattara. Kada ki mai da ni maƙaryaci, Yaya."

Na zame ɗankwali na shafa kaina. Ya fara tsirowa, gajere, fari, mai tauri.

Har yanzu tsoro nake ji. Na wata ukun, da na ɗakin, da na wannan akushin da ke gabana wanda na san ya bushe shekara ashirin da suka wuce. Miyar ta fara hucewa. Shozo ya yi kamar yana kallon ruwan sama.

Na ɗauka da hannu biyu na kafa baki. Miya ta zuba mini a riga, amma na shanye.